Hannun da Ya Saba da Sha Biyu

Lahadi, 4 ga Fabrairu 1973, bayan La'asar

Alhamdu lillahi. Yau Allah ya sauki surukata Safara'u lafiya, an samu mace. Ni Ila na zama kaka.

Ina zaure ina facin tayar keke na ji guɗa daga cikin gida. Matata Mero ta leƙo ta ce, "Malam, ka yi amarya." Na tashi da sauri na taka kwanon ruwan faci, wandona ya jiƙe har gwiwa, haka na shiga. Aka fito mini da ita bakin ƙofa cikin zanen Mero. Ja ce jawur, ga gashi, ga hanci irin na gidanmu. Ubanta ya tafi Kano da babbar motar da yake tuƙawa, sai gobe zai dawo, don haka ni na yi mata kiran salla a kunne. Mero ta ce amaryar ba ta da haƙori, angon ma saura kaɗan, mun dace.

Uban nata ɗana ne na fari. Ba na kama sunansa da baki, ba zan fara da alƙalami ba.

Da mahaifiyar Safara'u na raye da a Gusau za ta haihu. Tunda babu, wankan jego a nan gidan za a yi, Mero ce uwa. Na sayo itace amalanke guda.

Malam Hamisu, mai koyar da mu a makarantar dare ta Doka, ya ce duk wanda ya koyi boko da girma ya riƙa rubutu kullum don kada hannu ya daskare. Shi ya sa na buɗe littafin nan. Ina da shekara arba'in na fara riƙe fensir a ajin yaƙi da jahilci. Da shi na tashi daga lebura na zama tankifa a kamfanin gini, ina rubuta wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba, ina kuma taya akawu haɗa kuɗin leburori. To tun da aka sauya kuɗi ran ɗaya ga watan jiya, fam da sule suka koma naira da kwabo, Manaja ya ce daga ƙarshen Maris ba mai taɓa takardar biya sai mai satifiket na lissafin albashi. Wanda ba shi da shi a sallame shi. Jarrabawa ran 17 ga Maris. Zan ci, in Allah ya yarda. Yau ko dutse aka ce in ɗauka zan ɗauka.

Litinin, 5 ga Fabrairu, bayan Magariba

Bai dawo ba.

Ƙanena Tukur ya same ni a wurin aiki da hantsi. Bai shigo ba, ya tsaya bayan tulin yashi ya aika a kira ni. Da na ga hularsa a hannu na san ba barka ya zo yi ba. Yaron ya buge wani mutum da mota a hanyar Zariya, gab da Rigachikun, da asuba. Shi lafiyarsa lau. Yana hannun hukuma.

Ban je makaranta ba.

Talata, 6 ga Fabrairu, da Azahar

Mutumin ya cika da safe a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, bayan Isha

Na je makaranta. Da na zauna gida me zan gyara?

Malam Hamisu sa'an ɗana ne, amma in ya riƙe alli ba ya wasa. Yau ya jera mana aikin daga tushe. A fara da kwanakin da mutum ya yi, a ninka da kuɗin yininsa. A zo kan awannin da ya ƙara bayan tashi, kowace awa a biya ta ɗaya da rabi. A haɗa, wannan ita ce jimla. Sannan a zo cire-cire: haraji, kuɗin ajiyar tsufa, da bashi in kamfani na bin sa. Abin da ya rage shi ke shiga hannun mutum. Ya ba da misalin lebura mai kwabo tamanin a yini, awa takwas. Awarsa kwabo goma ke nan, awar ƙari kwabo sha biyar. Wannan duk na sani, shekara goma ina yin sa da sule da sisi. Sunan kuɗin kawai ya sauya.

An yi ƙauri yau. Aikin uban jaririya ne ya sayo ƙafafun sa da kayan yaji. Ni na sayo. Mahaucin ya tambaye ni ina angon ƙarni, na ce yana hanya.

An gaya wa Safara'u mota ce ta lalace. Mero ta ce a bari sai bayan suna.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, da hantsi

An raɗa suna. Asma'u. Mata sun riga sun sa mata Ladidi saboda ranar da ta zo.

Rago ya yi sauƙi tunda layya ta wuce, na samu mai kyau a Kawo. Liman ya yi addu'a, ya ƙara wata a ƙarshe wadda bai faɗi don wa ba, kowa ya ce amin da ƙarfi fiye da yadda aka saba. Mutanen unguwa sun kyauta. Ba wanda ya tambaya. Sai wanzami, shi ba ya jin komai sai ya faɗa, ya fara cewa ai direbobin yanzu, Tukur ya cusa masa goro a hannu ya ja shi waje.

Da aka yi mata aski ta tsala kuka har ana ji a zaure. Na ce ku ji murya, wannan ba za a ci haƙƙinta a kasuwa ba. Na yi dariya sosai. Ban san zan iya ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu, bayan Asuba

Safara'u ta sani. Ashe tun ran Laraba ta ji daga bakin masu zuwa barka, ta yi shiru don kada ta ɓata mana suna. Mero ce ta yi kuka, ita ce ke ba ta haƙuri.

Laraba, 14 ga Fabrairu, bayan Magariba

Tukur ne ke kai abinci, shi ke ganin lauya. Shi da Liman da mutum biyu suka je ta'aziyya wurin mutanen can. An ce kada in je yanzu, zukata da zafi. Can inda yaron yake ma ban je ba. Tukur ya ce ya tambaya ko ina lafiya, ya tambayi jaririya da wa take kama. Na ce a ce masa da ni.

Mai motar ya aiko cewa shi ba ruwansa. Saboda haka bakin da ke gidan nan duka, da itacen wanka, da lauya, a kan aikina suke.

Babban akawunmu, Malam Shehu, ya kira ni gefe. Ya ce ba don ya tsorata ni ba, amma kullum yara masu takardar sakandare suna zuwa ƙofar ofis neman aiki, Manaja na ajiye sunayensu. Na ce na gan su, nakan ba su benci su zauna.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, bayan Isha

Haraji. Ba a cire shi da ka, akwai jadawalin da ake dubawa, mai iyali daban, gwauro daban. Na fahimta. Ajiyar tsufa kashi biyar cikin ɗari. Malam Hamisu ya ce da sabon kuɗi abin ya zo da sauƙi, kowace naira a cire kwabo biyar, shi ke nan. Gaskiyarsa.

Na dawo na tarar Ladidi idonta biyu. Mero ta miƙo mini ita ta ce ga mijinki ɗan makaranta ya dawo, tambaye shi ko an yi masa bulala.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, da Azahar

Babu beli.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, bayan Isha

An yi mana gwaji irin na jarrabawa. Tambaya shida, na faɗi huɗu.

Ba zan ɓoye ba, na ji kunya. Mu goma sha huɗu ne a ajin, ni ne babba, ni ne kuma na daɗe ina wannan aiki. Na zaci ni zan zo na ɗaya. Da aka tashi Malam Hamisu ya ce in tsaya. Ya shimfiɗa takardata a teburi ya ce hanyar duk daidai take, ninkawa daidai, cire-cire a inda ya kamata, amma amsar sai ta gaza da kwabo biyu, wani wuri huɗu. Ya ce in haɗa masa kwabo arba'in da bakwai da talatin da takwas yana kallo. Na ce bakwai da takwas sha biyar, na ajiye uku na ɗauki ɗaya.

Ya ce, "Baba Ila, uku daga ina?"

Na duba. Sai na gani. A tsohon kuɗi kwabo sha biyu ne sule, saboda haka layin ƙarshe sai ya kai sha biyu ake ɗauka. Sha biyar, sule ɗaya da kwabo uku. Shekara goma hannuna na yin haka ba ya tambayata. Yanzu goma ake ɗauka, na sani sarai, in aka tambaye ni da baki zan faɗa daidai. Amma da na yi sauri sai hannun ya koma gidansa na da.

Ya ce masu duba jarrabawa ba ruwansu da hanya, amsa suke dubawa, domin lebura ba hanya yake kai wa matarsa ba. Ya ce saura mako uku da kwana biyu. Na ce sun isa.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, bayan Asuba

Na kwana ina tunanin takardar biyan watan jiya. Ni na haɗa ta leburorin da ke ƙarƙashin heluma Bala. Da safe zan roƙi Malam Shehu mu sake dubawa. In akwai wanda na rage wa kwabo biyu, haƙƙinsa ne.

Juma'a, bayan La'asar

Mutum tara. Malam Shehu ya ce ai shi ma ya duba bai gani ba, ashe hannunmu ɗaya. Za a mayar musu a biyan wannan wata. Bai kai maganar wurin Manaja ba. Allah ya saka masa.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, bayan Magariba

Na kwashe duk tsofaffin kuɗin da ke gidan nan, har na cikin gwangwanin Mero, na kai kanti aka canja mini. Ta yi faɗa, wai sisin nan mai shekaru tana ajiye da shi tun aurenmu. Na ce ba na son in ƙara ganin sisi ko taro a gidan nan sai bayan sha bakwai ga Maris. Ko a baki na hana. Mai itace ya ce sule uku, na ce faɗi da kwabo. Ya ce Malam lafiya? Na ce faɗi dai.

Dabarar da na samo ita ce in daina haɗawa a zuci. Kowane layi in faɗe shi a fili. Bakwai da takwas sha biyar, ajiye biyar, ɗauki ɗaya. In baki ya riga hannu, hannu ba ya ɓata. Ina samun takardun buhun siminti daga wurin aiki, na yanka su, na cika su da lambobi. Bayan Asuba shafi biyu, lokacin tashin rana shafi ɗaya a inuwar tankin ruwa, bayan Magariba abin da ya samu.

Talata, 27 ga Fabrairu, da Azahar

Shafi uku, kuskure biyar.

Laraba, 28 ga Fabrairu, bayan Magariba

Tukur ya zauna da ni a zaure ya ba ni labarin yadda abin ya faru, kamar yadda yaron ya gaya wa lauya. Ban tambaye shi ba, shi ya ga ya kamata. Ba zan rubuta ba. Abu ɗaya kawai. Bara aka sauya hannun tuƙi a ƙasar nan, shi kuwa shekara bakwai yana bin wancan hannun. Da asuba, hanya ba kowa, yana sauri ya zo ya ga 'yarsa.

Tun ran biyar ga wata nake fushi da shi. Ban faɗa wa kowa ba. Nakan ce a raina yaya mutum da hankalinsa, an faɗa a rediyo, an kafa alluna.

Bayan Tukur ya tafi na ɗauko takardun siminti na daɗe ina kallon inda na ajiye uku.

Asabar, 3 ga Maris, bayan La'asar

Ladidi ta fara bin mutum da ido. In Safara'u ta shiga wanka ni ake miƙo wa ita a zaure, sai in ɗora ta a cinya, takarda a gefe, ina haɗawa da ƙarfi. Tara da shida sha biyar, ajiye biyar, ɗauki ɗaya. Sai ta yi shiru tana kallon bakina. Mero ta ce wasu jikoki ana yi musu waƙa, wannan baiwar Allah da lissafin leburori za a yaye ta. Na ce bari, ita za ta riƙa ƙirga miki canji in idonki ya mutu. Ta ce idon wa, tsakanin ni da kai wa ke kai takarda bakin hanci?

Yau ta yi mini fitsari a kan shafi guda, wanda ba kuskure ko ɗaya a ciki. Na shanya shi a kan katanga.

Talata, 6 ga Maris, bayan Isha

Biyan wanda ya kama aiki a tsakiyar wata, da wanda ya yi fashi ba izini, da wanda aka ba hutun da ba biya. Gwaji na biyu, na ci biyar cikin shida, amma lokaci ya ƙare ina kan ta ƙarshe. Faɗa a fili na cin lokaci. Kuma Malam Hamisu ya ce a ɗakin jarrabawa ba a magana, wanda aka ji bakinsa za a fitar da shi. Ya ce in koyi motsa leɓe ba sauti, kamar mai tasbihi.

Alhamis, 8 ga Maris, da Azahar

An ɗaga zaman kotu zuwa biyu ga Afrilu.

Lahadi, 11 ga Maris, bayan La'asar

Tukur ya zo da magana. Ran Asabar mai zuwa za a yi addu'ar arba'in a gidan mutanen can, da hantsi. Mahaifin mamacin tsoho ne, ya ce ya ga ƙanen uba, ya ga liman, bai ga uba ba. Lauya ya ce in suka sauko, suka faɗi haka a gaban alƙali, abin zai yi sauƙi ƙwarai. Tukur ya ce ranar ce ranar zuwa, gaban jama'a, a durƙusa a nemi afuwa.

Na ce ran Asabar da ƙarfe takwas ina ɗakin jarrabawa.

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ce, "Yaya, takarda ce fa. Lawan ɗanka ne."

Na ce na san ɗan wane ne. Na ce in na bar jarrabawar nan babu wata sai baɗi, aiki kuwa ƙarshen wata ne. In aiki ya tafi, wa zai biya lauyan da ke ba mu wannan shawara, wa zai ciyar da matarsa da 'yarsa, shi kansa abincin da kake kai masa daga wace tukunya yake fitowa? Na ce zan je ran Juma'a. Ya ce tsohon ya tafi ƙauyensu kiran dangi, sai daren Juma'a zai dawo. Na ce to in na fito daga jarrabawa zan taho. Ya ce lokacin an watse, zuwan bayan taro ba zuwa ba ne. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Mero ta ji komai daga tsakar gida. Tuwona dai ya zo ba man shanu.

Litinin, 12 ga Maris, bayan Asuba

Shafi biyu, ba kuskure.

Talata, 13 ga Maris, bayan Isha

Na tambayi Malam Hamisu ko ana ɗaga wa mutum jarrabawa saboda uzuri. Ya ce takardun daga sama suke zuwa a rufe, rana ɗaya ake buɗe su. Ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Shafi uku, kuskure ɗaya, shi ma na kama shi da kaina.

Alhamis, 15 ga Maris, bayan Magariba

Safara'u ta gama wanka, ta yi arba'in. Ta yi kitso da lalle, ta fito ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni, ta yi godiyar itace. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa mini magana uku a jere ba. Yau da ta gama gaisuwa ba ta tashi ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Baba, ka je ka rubuta. Shi ma abin da zai ce ke nan."

Ban san ko haka zai ce ba. Na ce Allah ya yi miki albarka.

Juma'a, 16 ga Maris, bayan La'asar

Na fere fensir uku. Na sa wa keke iska. Na ba Tukur goro ƙwarya guda da buhun gero ya kai gobe. Ya karɓa bai dube ni ba.

Asabar, 17 ga Maris, bayan Isha

Zan rubuta duka tun ban manta ba.

Ɗakin babba ne, mun fi mutum sittin daga makarantu daban-daban, yawanci yara. Wani ya ɗauka ni ne mai gadi, ya tambaye ni ina bayi. Tambayoyin da Turanci, amma irin wanda na saba gani a takardun aiki. Na yi bisimilla na fara, leɓena na motsi. Mai tsaron ɗakin ya zo ya tsaya a kaina, ya saurara, bai ji komai ba, ya wuce.

A tambaya ta huɗu, ta birkila mai awannin ƙari, na ɗaga kai na ga agogon bango ya kusa goma. Na ce yanzu an shimfiɗa tabarmi a can. Yanzu tsohon na duban hanya. Da na mayar da ido kan takarda sai na ga na riga na haɗa layi biyu ban sani ba, bakina a rufe. Na koma na bi su. Takwas da shida, na ajiye biyu. Na goge, na sa huɗu. Daga nan ban ƙara kallon bango ba. Na gama ta shida ana cewa a ajiye alƙalami. Ban samu na sake dubawa ba.

Daga can ban biya gida ba, na bar keke a Kawo na hau motar Zariya. Na isa bayan Azahar. An naɗe tabarmi, su Tukur sun tafi, sai yara na wasa da ƙwaryar gumba. Tsohon na zaune a gindin bedi shi kaɗai. Na cire takalmi daga nesa, na durƙusa, na yi masa ta'aziyya, na faɗi ko ni wane ne. Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce ya jira ni da safe. Na ce na sani. Ya ce an ce masa ba ni da lafiya.

Na gane Tukur ne ya rufa mini asiri. Na ce lafiyata ƙalau, jarrabawa na je rubutawa. Na gaya masa dalili, ban rage ba ban ƙara ba. Ya dubi furfurata ya ce da wannan gemun? Na ce da shi.

Ya ce, "Ka ci?"

Na ce ban sani ba tukuna.

Ya nuna mini yara uku cikin masu wasan ya ce na mamacin ne, yanzu shi ke noma musu, ga gwiwa ta ƙi. Ya ce shi ma ran da aka yi bakwai, da aka shafa fatiha, lambu ya wuce ya yi ban ruwa, mutane suna ta magana. Bai ce ya yafe ba. Ban kuma roƙa sau biyu ba. Ya sa aka kawo mini fura, na sha. Da zan tafi ya ce in gaida mai jego.

Lahadi, 18 ga Maris, da hantsi

Na tashi na ɗauko takardar siminti, sai na tuna an gama. Na yi shafi ɗaya duk da haka.

Laraba, 21 ga Maris, bayan Magariba

Shiru daga makaranta. Shiru daga can. Tukur na aiko yaransa su karɓi kwanon abinci, shi ba ya zuwa.

Ina ta tuna tambaya ta biyu. Ina jin kamar na duba layin gwauro a jadawalin haraji alhali mutumin mai iyali ne. Ko ban yi ba. Ladidi ta yi mini murmushi yau, Mero ta ce iska ce a cikinta. Ƙarya take yi, ni ta yi wa.

Litinin, 26 ga Maris, da Azahar

Manaja ya tambayi Malam Shehu ko sakamako ya fito. Yara biyu na zaune a benci tun safe.

Laraba, 28 ga Maris, bayan Magariba

Na ci.

An liƙa sunaye a ƙofar aji. Ban iya matsawa kusa ba saboda yara, kuma idona ba ya gani daga nesa. Malam Hamisu ya fito ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba Ila, sai a ba mu goron satifiket." Daga ajinmu mutum takwas suka ci, ni ne na shida. Na ce ko na takwas ne ai ƙofa ɗaya muka shiga.

Na tuƙo keke har gida ban san ta inda na biyo ba. Mero ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fito suna zaton wani labarin ne, da suka ji sai suka yi barka a hankali suka koma. Ita ma sai ta kama bakinta. Na ɗauki Ladidi na zaga tsakar gida da ita.

Asabar, 31 ga Maris, bayan La'asar

Ranar biya. Malam Shehu na ƙirgawa, ni ina kiran suna ina duba takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ba wanda ya dawo da ƙorafi. Manaja ya karɓi takardar shaidar wucin gadi da makaranta ta ba ni, ya duba gaba da baya, ya ce daga gobe sunana mataimakin akawun biya. Ƙarin ba yawa. Ya isa itace da lauya.

Tukur ya zo da yamma, ya zauna, ya sha ruwa. Ya ce jibi ƙarfe tara za a shiga kotu. Ya ce an ga tsohon ya aiki ɗansa tambayar motar da ke zuwa Kaduna da sassafe, amma ba wanda ya san abin da zai faɗa, ko ma zai zo. Ya ce shi zai biyo ya ɗauki kwanon abinci kamar kullum. Na ce ya bar kwanon, ni zan riƙe.

Lahadi, 1 ga Afrilu, bayan Azahar

Na buɗe takardar sabon wata, na ja layuka, na jera sunaye. Jiya kafin a tashi na nemi izinin gobe, Malam Shehu ya ce sai dai hutun da ba biya, tunda ranar farko ce a sabon matsayi. Na ce na san dokar, an koya mana.

Na nemo sunana a layi na uku. A gaban biyu ga wata na rubuta bai zo ba, na cire kuɗin yini ɗaya. Na haɗa sau biyu, daidai ne.

Mero ta wanke mini farar riga. Safara'u ta ba ni hular Ladidi ta saƙa, wadda ta yi mata kaɗan, ta ce in an bari in miƙa wa ubanta.